Sunan da ke Jikin Kwalba: Darasi Kan Igiyar PEG da Haɗin Kilik

A ce an tura ka SIWES wani ɗakin gwaje-gwaje na bincike. Kwana uku da zuwanka, shugabar lab ɗin ta buɗe firiza ta miƙo maka wata 'yar kwalba da ba ta kai ɗan yatsa ba. Abin da ke ciki ɗan ɗigo ne mai kama da mai, miligiram 25 kacal, wanda sai da aka saye shi da dala daga waje, aka yi makonni ana jira. A jikin kwalbar an rubuta Azido-PEG4-NHS ester. Ta ce maka, "Haɗa min wannan da antibodin can kafin azahar."

In ka buɗe murfin nan take, ka fara lalata shi. In ka zuba shi a ruwan Tris, kuɗin ya tafi. Abin haushin kuma, idonka ba zai ga komai ba: launi ba zai canza ba, wari ba zai tashi ba. Sai bayan kwana biyu sakamako ya fito fayau, a fara tambayar wa ya taɓa kwalbar.

To amma sunan nan ya riga ya gaya maka duk abin da za ka yi da wanda ba za ka yi ba, in dai ka iya karanta shi. Kashi uku ne: hannun hagu, igiya a tsakiya, hannun dama. Mu fara da igiyar.

Mene ne PEG?

Cikakken sunansa foli-etilin gilaykol. Folima ce, wato dogon sinadari da aka gina ta hanyar maimaita ƙaramin yanki ɗaya, kamar yadda ake jera 'ya'yan carbi a zare. Ɗan carbin a nan shi ne –CH2–CH2–O–, kabon biyu, haidirojin huɗu, oksijin ɗaya. Ku tara nauyinsu: 24 da 4 da 16, ya ba da 44. Ku riƙe lambar nan, za ta yi muku amfani.

Akwai wurin da ɗalibai ke yawan rikicewa. Lambar da ke bin PEG iri biyu ce. In ka ga ƙaramar lamba manne da sunan, kamar PEG4 ko PEG12, adadin 'ya'yan carbin ake nufi, kuma kowace igiya a kwalbar tsawonta ɗaya. In ka ga babbar lamba, kamar PEG 400 ko PEG 2000, matsakaicin nauyi ake nufi, igiyoyin kuwa gauraye suke, wasu sun ɗan fi tsawo, wasu sun ɗan gaza. Raba lambar da 44 ka samu kimanin adadin: PEG 400 wajen 'ya'ya 9, PEG 2000 wajen 45, PEG 3350 wajen 76.

Da yawanmu mun taɓa amfani da shi ba mu sani ba. PEG 400 ruwa ne mai ɗan kauri, ana sa shi a mayukan shafawa da wasu magunguna. PEG 3350 farin gari ne, shi ne ke cikin maganin taurin bayan gida irin su Movicol.

Kada kamannin suna ya yaudare ku. Etilin gilaykol da dayetilin gilaykol, masu ɗa ɗaya da 'ya'ya biyu, guba ne: hanta tana mayar da su asid mai kashe ƙoda. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 yara 84 suka rasu a Najeriya bayan an ba su maganin fitar haƙori na My Pikin, wanda aka samu dayetilin gilaykol a cikinsa. Ga ma'aikacin lab, harafi biyu a jikin kwalba na iya zama rai da mutuwa. Ba a banza aka ce ƙaramin sani ƙunƙumi ne ba.

Halaye uku suka sa masu bincike ke son PEG. Na farko, yana son ruwa: oksijin ɗin kowane ɗa yana jawo ƙwayoyin ruwa biyu zuwa uku, sai igiyar ta zama kamar ta yafa mayafin ruwa. Na biyu, yana da laushi, yana lanƙwasa ta ko'ina. Na uku, ba shi da caji, kuma furotin ba ya son manne masa.

Yadda ya shiga asibiti

A shekarun 1970, Frank Davis na Jami'ar Rutgers a Amurka yana fama da wata matsala. Akwai furotin masu magani, amma in an yi allurarsu, ko dai garkuwar jiki ta far musu, ko ƙoda ta tace su ta zubar cikin ɗan lokaci. Shi da ɗalibinsa Abraham Abuchowski suka gwada ɗaura wa furotin igiyoyin PEG, suka wallafa sakamakon a 1977: furotin ɗin ya daɗe a jini, garkuwar jiki kuma ba ta tayar masa sosai ba. Mayafin ruwan nan ya ƙara masa girma, ya kuma ɓoye shi.

A 1990 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da Adagen, magani na farko na wannan salo, don yaran da aka haifa da wata cutar rashin garkuwar jiki. Doxil na ciwon daji ya biyo baya a 1995. A 2002 aka amince da Pegasys na ciwon hanta: intaferon da a da ake allurarsa sau uku a mako ya koma sau ɗaya. Rigakafin korona na Pfizer-BioNTech da na Moderna ma duk suna ɗauke da kitse mai jelar PEG 2000.

A waɗannan misalai PEG mayafi ne. A kwalbarmu kuwa aikinsa ya ƙaru: gada ce tsakanin abu biyu. Don a gane yadda ake ɗaura bakin gadar, sai mun leƙa haɗin kilik.

Haɗin kilik

Furotin ɗaya yana da wuraren kamawa da yawa, ƙwayar halitta kuwa tana da dubbai. In ka zuba sinadari mai kama duk abin da ya gani, zai manne inda kake so da inda ba ka so. Abin da ake nema shi ne abu biyu da ba su san kowa ba sai junansu, kamar bakin maɗaurin jakar goyo: ɗaya ya shiga ɗaya, ka ji ƙas, shi ke nan. Ba ya kama riga, ba ya kama littafi. Wannan ƙarar ce Turawa ke kira kilik.

Ma'auratan da suka fi shahara su ne azayid da alkayin. Azayid naitirojin uku ne a jere, N3. Alkayin kuwa kabon biyu ne da ɗauri uku a tsakaninsu, C≡C. Ƙanana ne, ba sa damuwa da ruwa, kuma kusan babu irinsu a sinadaran jikin ɗan Adam. In sun haɗu sai su ƙulla zobe mai kusurwa biyar da ake kira tirayazol, wanda ruwa ko inzayim ba sa kwance shi da sauƙi.

Rolf Huisgen na Jamus ya yi nazarin wannan haɗi tun shekarun 1960, sai dai yana da nawa, yana son zafi, kuma yana ba da gaurayen samfuri iri biyu. A 2001 Barry Sharpless da Hartmuth Kolb da M. G. Finn suka wallafa maƙalar da ta yaɗa sunan kilik. A 2002 Morten Meldal a Denmak da ayarin Sharpless a Amurka, kowa a nasa ɓangaren, suka gano cewa jan ƙarfe mai caji ɗaya, Cu+, yana hanzarta haɗin ƙwarai, a cikin ruwa, ba tare da dafawa ba, kuma samfuri ɗaya tak yake bayarwa. Kayan aikin ma ba baƙi ba ne a wurinmu: shuɗin gishirin nan CuSO4 da ke kan kanta a lab, sai sodiyam askobet, wato gishirin bitamin C, wanda ke mayar da Cu2+ zuwa Cu+.

Matsala ɗaya ta rage: jan ƙarfe yana kashe ƙwayoyin halitta masu rai. Carolyn Bertozzi, a lokacin tana Jami'ar Kalifoniya a Berkeley, ta kawo mafita a 2004. Alkayin yana son miƙewa sak, digiri 180. Sai ta yi amfani da wanda aka cusa cikin zobe mai kabon takwas, inda dole ya lanƙwashe zuwa wajen digiri 160. Ya zama kamar tarkon da aka ɗana: azayid na taɓa shi zai fyaɗe, ba a buƙatar jan ƙarfe. DBCO da BCN da za ku gani a jikin kwalabe 'yan wannan gida ne. A 2008 ayarin Joseph Fox na Jami'ar Delaware ya fito da wasu ma'auratan, tetirazin da TCO, waɗanda suka fi na baya sauri nesa ba kusa ba. A 2022 aka ba Bertozzi da Meldal da Sharpless kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai. Ga Sharpless karo na biyu ke nan, don ya karɓa a 2001.

Mu koma kan kwalbar

Yanzu sunan ya fara magana. Azido hannun kilik ne. PEG4 igiya ce mai 'ya'ya huɗu. NHS ester kuma hannu ne mai kama amin, wato –NH2, wanda ke jikin laisin a furotin. Ga hannayen da za ku fi cin karo da su, yadda ake rubuta su a kwalba:

- NHS ester: yana kama amin, a pH 7.2 zuwa 8.5.
- Maleimide ko Mal: yana kama tayol, –SH, na sistayin, a pH 6.5 zuwa 7.5.
- Azido ko N3: yana kama alkayin in akwai jan ƙarfe, ko DBCO da BCN ba tare da shi ba.
- Alkyne ko Propargyl: yana kama azayid, amma sai da jan ƙarfe.
- DBCO ko BCN: suna kama azayid kai tsaye.
- Tetrazine: yana kama TCO.
- Biotin: yana shiga aljihun furotin mai suna sitireptabidin ya zauna daram.

Wani zai ce, me ya sa ba za a manne hannu biyun kai tsaye ba, a huta da igiya? Dalili biyu ne. Na farko, DBCO da yawancin rini masu ƙyalli da magungunan daji ba sa shiri da ruwa. In ka liƙa su da yawa a jikin antibodi, sai ya cure ya kwanta a gindin kwalba. Igiyar PEG ce ke janyo musu ruwa. Na biyu, tazara. Antibodi ƙato ne, in hannun kilik ya lafe a jikinsa, abokin haɗinsa ba zai samu hanyar isowa ba. Aljihun sitireptabidin ma yana da zurfi, kamar rijiya ce, guga mai gajeriyar igiya ba ya taɓa ruwa.

Kowane ɗa na PEG, in an miƙe shi, wajen nanomita 0.35 ne. PEG4 ke nan wajen 1.4, PEG24 ya haura 8. Doguwar igiya ma tana da nata: tana iya naɗewa ta rufe wurin da antibodin ke kama abin da aka aike shi. Shi ya sa masu bincike kan gwada tsayi biyu ko uku kafin su tsayar da ɗaya.

Doka ɗaya a kan jerin aiki: fara da hannun da ya fi rauni. NHS ba ya jure ruwa. A pH 7 cikin sanyin ƙanƙara, rabinsa na lalacewa cikin awa 4 zuwa 5. A pH 8.6 kuwa wajen minti 10 ne. Azayid zai iya jira har gobe. Saboda haka a fara ɗaura NHS a jikin furotin, a tace ragowar da bai kama ba, sannan a yi kilik.

Lissafin da za a tambaye ka

An ba ka miligiram 1 na antibodi irin IgG, an ce ka zuba igiya ninki 10. Nauyin IgG wajen giram 150,000 ne a kowane mol, na Azido-PEG4-NHS ester kuma 388.

Mataki na ɗaya: giram 0.001 a raba da 150,000, ya ba da nanomol 6.7 na antibodi.

Mataki na biyu: ninki 10 ya zama nanomol 67 na igiya, wato wajen maikirogiram 26. Sikelin lab na yau da kullum ba zai auna wannan ba.

Mataki na uku: sai a yi ruwan ajiya. Narkar da miligiram 3.9 a mililita 1 na busasshen DMSO, ka samu milimola 10, wato nanomol 10 a kowace maikirolita. Abin da za ka ɗiba ke nan maikirolita 6.7.

A zuba, a juya a hankali, a bari minti 30 zuwa awa ɗaya. Kada DMSO ya wuce kashi 10 cikin 100 na ruwan gaba ɗaya, don kada furotin ɗin ya lalace. Ruwan da antibodin ke ciki ya zama na fosfet. Tris da gilaisin suna da nasu amin, za su cinye NHS ɗin kafin ya isa ga furotin. Abin sha'awa, wannan halin ne ya sa in lokaci ya cika ake zuba Tris da gangan don a tsayar da haɗin.

Kayan da ake ginawa don jiki

Igiyar PEG ba lallai ta zama mai baki biyu ba. Akwai mai reshe huɗu, akwai mai takwas. Ɗauki mai reshe huɗu da azayid a kowane baki, ka gauraya da wani sinadarin mai zoben alkayin a bakinsa biyu. Kowane reshe zai kama wani, wancan ya kama na gaba, har su saƙa raga mai tsawo da faɗi da zurfi, wadda ta riƙe ruwa fal a cikinta. Wannan shi ne haidirojel. A 2009 Cole DeForest da Kristi Anseth na Jami'ar Kolorado suka nuna ana iya saƙa irin wannan raga da ƙwayoyin halitta masu rai a ciki, ta haɗin kilik marar jan ƙarfe, ba tare da sun mutu ba.

Amfaninsa shi ne PEG kamar wankakken allo yake. Ƙwayoyin halitta ba sa manne masa, don haka duk abin da suka yi a ciki, abin da mai bincike ya rubuta ne ya jawo. In yana so su kama, sai ya ɗaura ɗan guntun furotin mai suna RGD. In yana so su buɗa wa kansu hanya, sai ya sa mahaɗin da inzayim ɗinsu ke iya yankewa. In yana son jel mai tauri, sai ya gajarta rassan ko ya ƙara yawan folimar. Da haka ake nazarin yadda ciwo ke warkewa, yadda daji ke yaɗuwa, da yadda za a raino guringuntsi.

Wasu sun riga sun isa ɗakin tiyata. DuraSeal, da aka amince da shi a Amurka a 2005, ruwa biyu ne da ake fesawa tare bayan aikin ƙwaƙwalwa: PEG mai hannayen NHS da wani ƙaramin sinadari mai amin. Cikin daƙiƙoƙi suke kafewa su toshe yoyo, bayan makonni jiki ya narkar da su. Trodelvy kuma, maganin wani nau'in dajin mama da aka amince da shi a 2020, antibodi ne mai ɗauke da gubar SN-38, kuma a mahaɗinsu akwai gajeriyar igiyar PEG da zoben tirayazol, irin dai wanda muka yi bayani.

Inda ake yin ɓarna

Yawancin asarar ba a wajen lissafi take faruwa ba, a wajen riƙo ne.

Ajiya: a firiza, digiri 20 ƙasa da sifili, cikin leda ko gwangwani mai silika jel. In ka fito da kwalbar, bar ta a rufe har ta daina sanyi. Kun san yadda ledar ruwa mai sanyi ke yin gumi in an fito da ita daga firij? Haka raɓa za ta sauka cikin kwalbar in ka buɗe da wuri, ta kashe NHS. Da damina abin ya fi muni. A inda ake yawan ɗauke wuta, raba kayan cikin ƙananan kwalabe tun ranar farko, ka rubuta kwanan wata, don kada duka ya riƙa narkewa yana daskarewa.

Ruwan ajiya na NHS: a haɗa shi lokacin da za a yi aiki. In an narkar da shi a ruwa, ba a ajiye shi.

Antibodin kasuwa: da yawa ana zuba musu sodiyam azayid don kada su ruɓe. In za ka yi aiki da DBCO, wannan azayid ɗin zai iya cinye shi. Karanta takardar da ta zo da antibodin, ka tace shi tukuna.

Lafiyarka: sodiyam azayid guba ne mai ƙarfi. In ya haɗu da asid yana fitar da iska mai kisa, in ya taru a bututun jan ƙarfe ko na darma yana iya fashewa, don haka ba a zuba shi a sinki. DMSO kuma yana ratsa fata tare da abin da aka narkar a cikinsa. Sa safar hannu, in ya zuba a kai ka canza ta.

PEG kansa ba waliyyi ba ne. An samu mutanen da jininsu ke ɗauke da antibodi masu yaƙar PEG ko da ba a taɓa yi musu allurar irin waɗannan magunguna ba, abin da kan sa maganin ya fita daga jini da wuri, a wasu 'yan kaɗan kuma ya tayar da borin jini mai tsanani. Jiki ba ya narkar da dogayen igiyoyinsa da sauƙi. Iska da haske da zafi kuma suna lalata shi a hankali. Wannan ya sa ake ta binciken folimomin da za su iya maye gurbinsa, fage ne a buɗe ga mai neman batun furojet ko karatun gaba.

Gwada kanka

1. An ba ki DBCO-PEG12-Maleimide. Me kowane hannu ke kamawa, wanne za ki fara amfani da shi, kuma igiyar ta kai nanomita nawa?
2. 'Ya'yan carbi nawa ne, a ƙiyasce, a PEG 5000?
3. Kana da miligiram 2 na IgG, ana son ninki 20. Maikirolita nawa za ka ɗiba daga ruwan ajiya mai milimola 10?

Ku yi a takarda kafin ku duba. Amsa ta ɗaya: DBCO na kama azayid, Maleimide na kama tayol, da Maleimide za a fara don shi ruwa ke lalatawa, igiyar kuma wajen nanomita 4.2 ce. Ta biyu: wajen 114. Ta uku: wajen maikirolita 27.

Wanda ya ci ukun, ya ɗauko kundin kayan kowane kamfanin sinadarai a intanet, ya buɗe shafin PEG, ya zaɓi sunaye goma ya fassara wa abokin ɗakinsa: wannan hannu, wannan igiya, wancan hannu. Ran da aka miƙo masa kwalba daga firiza, abu na farko da zai yi shi ne ya ajiye ta a kan benci a rufe, ya je ya duba wane ruwa antibodin yake ciki.